Baƙin Mai a Motar Surukina

Na tuƙa motar surukina shekaru masu yawa, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa kallon cikin idonsa ba. Haka aka raine mu. Mahaifin matarka ba abokin hirarka ba ne. Idan ka je gaishe shi sai ka cire takalmi tun daga waje, ka durƙusa a bakin zaure, ka dubi tabarma, ka tambayi lafiyar gida da gajiya, shi kuma ya amsa yana duban bango. Ba ka cin abinci a gabansa, ba ka yi masa musu, ba ka kai masa ƙorafi da bakinka. Ko da wayar hannu ta zo, ba ta canja komai ba: ina da lambarsa, ban taɓa danna ta ba.

Ni mutumin Mandera ne, na zauna a Shagari bayan na yi aure. Shi kuma Alhaji tsohon ɗan kasuwar albasa ne a Bodinga, yana da babbar mota guda ɗaya, tsohuwa mai bodin katako, mai shan gas. Da ita nake lodin albasa daga Dandin Mahe da ƙauyukan kewaye in kai Kudu. Na san motar nan fiye da yadda na san wasu 'yan uwana. Daga ƙararta kawai ina gane ranar da ta tashi da lafiya da ranar da za ta ba ni wahala.

To amma mota kullum tana buƙatar magana. Yau taya ta suɗe, gobe burki ya yi laushi, jibi batir ya ƙi ɗauka. Tun da ni da mai motar ba ma magana, sai aka sa mana mutum a tsakani. Wani dillalin albasa ne, abokin Alhaji tun suna samari, shi ne ma ya kai goron neman aurena. Mutum ne mai fara'a, mai daɗin baki, wanda bai taɓa kai magana yadda aka ba shi ita ba. Sana'arsa ke nan. Idan manomi ya rantse ba zai sayar ba, sai ya je ya ce wa mai saye manomi ya kusa saukowa; idan mai saye ya juya baya, sai ya koma ya ce wa manomi mutumin yana shawara ne. A da ina jin daɗin wannan hali nasa. In na ce masa tayoyin nan za su kashe ni a hanya, sai ya shiga zaure ya ce yaro yana gaisuwa, ya ce ko Alhaji zai dubi tayoyi idan an samu sarari. Kuma tayoyin su zo.

Abin ya faru da bazara, lokacin da albasa ta fito, kowane mai mota yana rububin lodi. Al'adata ce kowace safiya kafin in tayar da inji in buɗe boneti, in zaro sandar gwada mai, in kwance murfin lagireto in duba ruwa. Ran nan a ƙofar gidana a Shagari na tsoma yatsa a bakin lagireto, sai ya fito da wani abu mai kauri, ruwan ƙasa-ƙasa, kamar kunun gyaɗa da ya kwana. Na shinshina, na ji warin baƙin mai. Na sake zaro sandar gwaji na duba da kyau. Man da ke cikin inji baƙi ne tas, babu alamar ruwa a cikinsa, amma ya sauka ƙasa da inda na bar shi. Ni direba ne, ba bakanike ba, ban san ta inda yake bi ba. Abin da na sani shi ne mai yana barin wurinsa yana shiga ruwa, kuma motar da ke haka ba a ɗora mata lodin Kudu.

Na kira dillali na faɗa masa haka, kalma bayan kalma. Na ce a gaya wa Alhaji a nemo bakanike ya duba cikin injin kafin a yi wata tafiya. Ya ce in lallaɓo da ita Bodinga a gani. Na lallaɓa, ina tafe ina duban allurar zafi, har na ajiye ta a ƙofar gidan Alhaji.

Mutane suka taru, kowa yana leƙa lagireto yana taɓe baki. Dillali ya kama ƙofa ya hau gaban motar, ban san abin da yake nema ba. Can sai ga shi ya sauko da jarkoki biyu da nake ajiyewa bayan kujera, dukansu ruwan ɗorawa, irin jarkar man gyaɗa da kowane direba yake amfani da ita. Ɗaya ta ruwa ce, ɗaya ta baƙin mai. Ya ɗaga su sama, ɗaya a kowane hannu, yana dariya, ya ce ga ciwon motar nan an gano shi, ba sai an kira kowa ba. Wai na tashi da magagin barci na ɗauki ta mai a madadin ta ruwa na zuba a lagireto.

Na nuna masa jan ƙyallen da na ɗaure a hannun jarkar mai tun ranar da na saye ta. Na ce masa ko makaho ya san bambancin zubar ruwa da zubar mai, sautinsu ma ba ɗaya ba ne. Na ce ya zo ya ga sandar gwaji, man inji yana raguwa, ina yake tafiya? Ya dafa kafaɗata ya ce in kwantar da hankalina, ɗan Adam ne ni. Ban ce ya yi don ƙeta ba. Buɗe inji a tsakiyar kakar albasa mummunan labari ne, kuma shi mutum ne da ba ya son shiga zaure da mummunan labari. Kuskuren direba kuwa garin sabulu kawai zai ci.

Ya shiga. Ni na tsaya a jikin motar, da takalmina a ƙafa, ina jin muryoyinsu ƙasa-ƙasa ta ƙofar zaure. Tsakanina da Alhaji bai wuce tsawon motar ba. Da wani mai mota ne daban, da na kutsa na ja hannunsa har gaban inji na nuna masa. Da dillali ya fito sai ya ce Alhaji ya ce a wanke lagireto, ni kuma in je in ɗan huta, gajiya ta yi mini yawa. Ya miƙo hannu na sa masa makulli.

Aka kira mai gyaran lagireto ya ɗura masa garin sabulu, aka tayar da mota, aka zubar, aka sake, har ruwa ya fito fari. Aka ba wani direba ɗan Bodinga makulli. Ni na hau motar haya na koma Shagari, a kujerar baya, gwiwata tana tokarar ta gaba.

Wannan zaman da na yi a gida ban taɓa yin mai ɗaci irinsa ba. Labari ya riga ni isa tasha. In na zauna a teburin mai shayi sai wani ya ce a haɗa wa direba mai kauri, amma a duba jarka da kyau. Kowa ya kwashe da dariya, har waɗanda ni na koya musu riƙe sitiyari. Rannan saura kaɗan in watsa wa wani shayi a fuska, sai na daina fita. Matata ta je Bodinga ta yi wa mahaifiyarta magana, ta dawo da abin da na san za ta dawo da shi, wato a yi haƙuri. Wata rana tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta tambaye ni a hankali ko dai da gaske hannuna ya kuskure ban lura ba, tun da jarkokin iri ɗaya ne. Duk dariyar tasha ba ta yi mini zafin wannan tambaya ba. Na ce mata ba makullin ubanta ne ya dame ni ba, masu mota suna da yawa. Abu ɗaya nake so, tsohon nan ya san ba ni na yi ba.

Man ya dawo cikin lagireto, kamar yadda na san zai dawo. Da aka gaya wa dillali, sai ya ce ragowar wanda na zuba ne yake tasowa, ashe ma da yawa na zuba. Aka sake wankewa. Sabon direban yana ta ƙara mai a inji a ɓoye, bai faɗa wa kowa ba, don shi ma yana son makullin ya zauna a aljihunsa. Baƙin mai kuwa ba ya barin roba lafiya. Tiyon lagireto ya kumbura ya yi laushi, wata rana da tsakar rana, da cikakken lodi, ya fashe gab da shiga Shagari. Aka jawo motar zuwa garejin wani bakanike da na daɗe da sani, aka sauke albasa a rana ana neman wata motar. Kafin a samu, buhunan sama sun fara wari.

Bakaniken nan sa'ana ne, ba shi da yawan magana. Ya aiko a kira ni, ya ce wanda ya daɗe da mota shi ya san halinta. Na so in ƙi zuwa, zuciya ta ce mini ina ruwanka, amma na je. Na tarar da dillali a wurin, ya zo kan batun albasa, yana ta fifita da hularsa.

Bakanike ya tambaye ni ko tana fitar da farin hayaƙi kafin in bar ta, na ce a'a. Ko tana wuyar tashi da safe, ko tana zafi, na ce a'a. Ko na taɓa ganin man inji ya yi fari-fari, na ce ko sau ɗaya. Raguwa kawai yake yi. Ya gyaɗa kai. Ya sa sabon tiyo, ya cika lagireto da ruwa, ya bar murfin a buɗe, ya ce a tayar. Ya ce mana idan gaskit ne ya ƙone ko kan inji ya tsage, za mu ga ruwan yana ɓulɓulo da iska kamar zai tafasa. Muka tsaya muna kallo. Ruwan yana zagayawa lafiya lau, babu kumfa. Sai dai lokaci-lokaci wani ɗigon mai sabo, baƙi, ya taso ya baje a sama. Ya nuna wa dillali ya ce ragowar tsohon mai ba ya fitowa baƙi haka, wannan yanzu ya baro inji.

Daga nan ya kashe ta ya jira ta huce, ya shiga kwance wani murfi a gefen injin. A ciki akwai wani ƙarfe mai faifai-faifai da suke kira oyil kula, bai fi tsawon burodi babba ba. Mai yana bi ta cikinsa, ruwa yana zagaye shi ta waje don ya sanyaya man. Ya ce idan inji yana aiki ƙarfin mai ya fi ƙarfin ruwa, shi ya sa in ƙarfen nan ya huje mai ne yake fita ya shiga ruwa, ruwa ba ya samun hanyar shiga mai. Ya wanke shi da kananzir, ya toshe baki ɗaya da guntun itace da roba, ya haɗa ɗaya bakin da tiyon iskar mai faci da ke maƙwabtaka da shi. Ya sa aka ɗumama ruwa a rabin duro, ya nutsa ƙarfen a ciki, ya ce a saki iska.

Da farko babu komai. Har na fara tunanin ko matata ta yi gaskiya. Sai ga wasu ƙananan kumfa sun fara tasowa a jere daga gefe guda, siriri, ba su yanke ba. Ya ciro shi ya nuna mana wurin da farce. Hudar ba ta kai kan allura ba. Ya ce tsatsa ce, ruwan rijiya da na rafi da muke ɗura wa motoci shekara da shekaru shi ya ci ƙarfen, kuma da tun ranar farko aka kawo ta da ba a kai ga fashewar tiyo ba.

Na juya na dubi dillali. Ya ce Allah mai iko. Na ce masa, a gaban bakanike da sabon direban:

"Baba, ga shi ka gani da idonka. Ka ɗauki wanga ƙarhe ka kai ma Alhaji, ka hwaɗa mishi yadda anka gwada. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Ya ce ƙarfe ba ya magana, in riƙe abina, shi zai yi maganar. Na sa kular a buhu na kai gida. Matata ta juya ta a hannu tana neman hudar, da ta gani sai ta fashe da kuka ta ce in yafe mata. Kwanakin da suka biyo baya na koma teburin mai shayi da kaina a sama.

Dillali ya zo gidana wata safiya a kan babur, fuskarsa cike da murna, tun bai sauka ba yake cewa albishirina.

"Alhaji ya yahe ma. Yac ce ka zaka ka amshi makulli."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce ya yafe mini me?

Ya zauna a dakali ya gyara riga, ya yi mini bayani a natse, yadda yake yi wa manomi idan ciniki ya faɗa. Ya ce ya gaya wa Alhaji an gyara mota, an canja wani ƙarfe da man da aka zuba ya lalata, kuma ni na yi nadama ƙwarai har ba na iya fita cikin mutane.

"Mi kaka so in ce mishi? In tahi gaban mutane in ce ma dattijo ya zalunci mijin ɗiyatai, kuma ni niy yaudare shi? Kai ka samu makulli, shi ya riƙe girma nai. Wa yah hwaɗi cikin wanga ciniki?"

Na ce masa ni. Ya yi dariya ya ce ƙuruciya ce take damuna, alhali a lokacin furfura ta fara fito mini a gemu.

Na shirya zuwa Bodinga da niyyar in yi abin da ba a yi. Na ɗauki buhun kular. Matata ta biyo ni da yara, tana ta roƙona a hanya in dubi Allah in dube ta. Muka isa bayan la'asar, ta wuce cikin gida. Zauren cike yake da dattawan unguwa, dillali yana zaune a hannun daman Alhaji. Na cire takalmi, buhun yana hannuna, sai na ga babu yadda za a yi mutum ya durƙusa gaban surukinsa riƙe da buhun ƙarfe mai ɗigar mai. Na ajiye shi kusa da takalmina na shiga.

Na yi gaisuwa, ya amsa yana duban bango. Sannan ya yi mini magana mafi tsawo da ya taɓa yi mini tun da na auri 'yarsa.

"Kowa na kure. Abin ga ya wuce, ni ban riƙe ka da komi ba. A dai raba jarkunan nan."

Muryarsa a tausashe take, har da tausayi a ciki, wannan ne ya fi ƙona mini rai. Dattawa suka shiga sa masa albarka, suna cewa irinsa sun yi ƙaranci. Maganar tana bakina, na shirya ta tun daga Shagari. Amma in na faɗe ta, na ƙaryata amininsa a gabansa, na ce masa azzalumi a gaban maƙwabtansa, 'yarsa kuma tana bayan katanga tana saurare. Na dubi tabarma na ce, "Na gode, Baba. Allah shi ƙara girma." Dillali ya turo mini makulli a kan tabarmar. Da na fito na tarar wani ya ture buhun gefe don kada ya ɓata wa mutane takalma.

Na ci gaba da tuƙa motar har ta ƙarasa tsufa ta gagari gyara. Ban raba jarkokin ba, ban cire jan ƙyallen ba. Kular tana nan a gidana, da ita ake tokare ƙofar ɗakin girki. A tashar Shagari waɗanda suka ga gwajin sun san gaskiya, amma labarin jarka ya fi daɗin faɗa, shi ne ya zauna. Na sha yin niyyar in samu tsohon shi kaɗai, ban taɓa samu ba. Ba a barin suruki da suruki su kaɗai, kuma in an bar mu ma, shi zai dubi bango ne ni in dubi ƙasa.

Alhaji ya rasu da damina. Da aka fito da shi za a yi masa salla, liman ya juyo ya ce duk wanda marigayi ya taɓa saɓa wa, da sani ko ba da sani ba, ya dubi Allah ya yafe masa. Sahu ya ɗauka gaba ɗaya, mun yafe, mun yafe. Ni na yi shiru. Ba ƙin yafewa nake ba. Tunani nake yi cewa mutumin nan ya tafi ke nan yana ɗauka mijin 'yarsa bai san mai da ruwa ba, kuma yana ganin ya yi mini alheri.

Dillali yana kusa da ni a sahu, ya tsufa, yana dogara sanda, hawaye yana bin gemunsa. Ya taɓa ni da gwiwar hannu ya raɗa mini:

"Ɗaga murya mana. Kai da shi ya yahe ma abin da yah hi haka."

Mutanen da ke gefenmu suka juyo suna dubana. Na ɗaga murya na ce na yafe.